Wasiƙa ga Ɗan Kawuna Mai Zagin Goyon Mace

Ɗan Kawu, bawana na gado, ina gajiya, ina zafin Tamanrasat? Na san tun kafin ka kai ƙarshen layin nan ka fara kumfar baki, wai kai ne ɗan namiji ni ɗan mace, don haka kai ke da bakin kiran wani bawa. Kwantar da hankalinka. Wasan nan ba ni na ƙago shi ba, kakanni muka tarar suna yi, kuma tun 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan taubasantaka na Nijar cikin kayan gadon duniya. Ka ga ke nan in ka yi fushi ba da ni kaɗai ka yi ba, har da Majalisar Ɗinkin Duniya.

Tun da ka sayi babbar wayar nan mutanen Maijirgi ba su huta ba. Da asuba ka ɗora wa'azi, da hantsi hotonka kana dafe da motar Balarabe, da dare kuma sai falsafa. Falsafar bana ita ce wai yaron da mace ta raina ba ya zama namiji. Ka turo mana bidiyon nan na TikTok: wani gardi da gemunsa ya ɗaura zane da kallabi wai shi ne uwa, wani gardin ya miƙe ƙafa a tabarma ana ɗura masa kunu da ludayi, matarsa ta zo neman kuɗin cefane ya ce ta dakata sai ya tambayi Mama. Ka jera fuskokin dariya har suka cika layi. Kashegari ka biyo mu da saƙon wani mai kaurin murya da ba ya faɗin sunansa, yana rantsuwa cewa duk ɗan daba, duk ɗan tiramol, duk mai yankan aljihu a tasha, in ka bincika goyon mace ne. A ƙasa ka rubuta da gurgun Faransancinka wai gaskiya ɗaci gare ta.

Ku fara daidaita bakinku tukuna. Jiya goyon mace rago ne da ba ya iya tsawata wa kaza, yau kuma shi ne mai yawo da wuƙa a ƙugu. Uwar da ta kashe shi da tausayi ita ce dai ta sake shi ya gagari gari. Ba a yi wa mutum tuhuma biyu masu karo da juna sai in an riga an yanke masa hukunci, laifin da za a rataya masa ake nema.

Amma bar wannan. Tambayar da nake so ka amsa a gaban jama'a ita ce, kai wa ya raine ka?

Kana ɗan shekara uku ko huɗu aka yi El-Buhari. Yaran yanzu ba su san ta ba. Yunwar 1984 ce, damina ta ƙi, Janar Buhari kuma ya rufe iyakar Najeriya, hatsin da ke shigowa ta Katsina da Daura ya yi wuya, shi ya sa mutanen ƙasar nan suka laƙaba mata sunansa. Kawu, Allah ya jiƙansa, ya riga ya tafi ci-rani kudu, rufe iyaka ta rutsa da shi can. Ba zan ci naman mamaci ba, balle kawuna, kuma neman abin da za ku ci ne ya fitar da shi. Sai dai wanda ya rage a gida shi ya ga idonku. Innarka ce ke sammako ta shiga daji ta tsinko 'ya'yan anza, ta ɓare, ta jiƙa dilo a tukunya, kullum ta tsiyaye ruwan ta zuba sabo, kwana da kwanaki, don in aka yi gaggawa ɗacinsa ba ya ciwuwa kuma ya murɗa wa yaro ciki. Ta dafa da 'yar kanwa, ta raba muku a ƙwarya kai da yayyenka mata, kai naka ya fi tudu don kai ne namiji. In kun ce Inna ke fa, ta ce ta ci a maƙwabta. Uwata, wato Gwaggonka, ita ce maƙwabciyar, kuma ita ta gaya mini babu abin da aka ci a gidanmu da zai kai ga baƙo.

Yunwa ta wuce, tsarin bai canza ba. Kawu ya dawo da ruwan farko, a yi shuka, a yi noman fari da maimai, a ɗaure dammuna a cika rumbun gandu, ya rufe shi da laka ya kama hanya. Ba shi kaɗai ba, haka rabin mazan gari ke yi, daga Maijirgi har Urafan da Kanambakashe. Rumbun ba a taɓa shi sai damina, don da shi za a yi noma. Watannin rani duka, gida na Inna ne, ciyarwa kuma daga gamanarta take fitowa, 'yar gonar nan da aka yanka mata a gefen ta gandu. Ita ce mai tashinka sallar asuba, ita ce mai kai ka makarantar allo tana riƙe da kunnenka, ita ce ta je ta ba maƙwabci haƙuri ranar da ka jefi jakinsa ka fasa masa ido. Kawu ya ji labarin jakin bayan wata biyar, ya yi dariya ya ce ɗan nan nawa akwai hannu.

Da aka zo da tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jahar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu ƙasashe da dama, Innarka na cikin waɗanda suka fara shiga a unguwarku. Na ga akwatin da idona: na ƙarfe, kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu, don kada shaiɗan ya sami mutum ɗaya da zai yi wa raɗa. Kowane mako su zauna a inuwa, kowace ta kwance bakin zane ta zuba dala ashirin ɗinta, ana faɗa da ƙarfi kowa na ji, don yawancinsu ba su san biro ba. Rancen da ta ɗauka ta sayi gyaɗa, ta soya, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. Riba ta zama akuya, akuya ta haifi tagwaye, tagwaye suka zama kuɗin littafi da na abinci lokacin da ka je kwaleji Tasawa. Ka gudo a aji na uku. Wannan kam ba ita ta koya maka ba.

Ka ga ke nan, mai kaurin muryar nan da kake yaɗa saƙonsa, kai yake zagi, kai kuma kana sa masa hannu.

Yanzu juya ka dubi gidanka. Zinariya ta fashe a Jado a 2014 ka bi ayari, aka rufe Jado ka gangara Cibarkatan, daga can ka tsallaka Aljeriya kana ɗaukar bulo. Ban ga laifinka ba ko kaɗan. Gonar da ta ciyar da kakanmu da iyalinsa an raba ta an sake rabawa har ta koma abin da yaro zai nome kafin azahar. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna macen Nijar kan haifi 'ya'ya 7.6 a matsakaici, a jahar Maraɗi abin ya haura takwas, ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Na kuma san abin da kuke sha a can, yadda ake kamo mutane a wurin aiki a loda su a mota a zube su bakin iyaka, su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga Asamaka. Jikar da kake turowa ta Nita gumi ce, ban raina ta ba. Abin da na hana ka shi ne ka zama mai gonar da ya watsa iri ya hau mota, ya dawo da kaka ya tsaya bakin gona yana zagin wanda ya yi noman wai layinsa bai miƙe ba.

Daminar bara na bi ta gonarku. Na tarar da babban ɗanka, wanda bai wuce sha biyu ba, riƙe da hauyar tsaye da ta fi shi tsawo, uwarsa na biye da shi da goyo a baya tana nuna masa yadda zai kwantar da bakin hauyar ta shiga ƙarƙashin ciyawa ba tare da ta sare gero ba. Suka iso wani tsiron gawo, yaron zai kai masa sara, ta riƙe ƙotar ta ce wannan ba a taɓa shi, a rage masa rassa a bar guda biyu masu ƙarfi, shi zai ba gonar taki. Da yamma ta aike shi shagon caji da dala goma ya karɓo wayar da ka aiko mata, suka zauna sauraron saƙonka. Ina wurin, na zo gaida Inna. Ka san abin da ke ciki ai: a gaya wa yaron nan na ji yana zama fada da manya, in na zo zai gane kurensa. Yaron ya ce to. Ya dubi uwarsa ya tambaye ta yaushe za ka zo ɗin. Ta ce ya tashi ya ɗaure awaki.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne kai ɗin nan ne a ƙarshen 2022, lokacin da Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya a Katar, ka hana mu barci. Ashraf Hakimi ya haura wurin 'yan kallo ya sumbaci goshin uwarsa, ka ɗora. Sufyan Bufal ya jawo tasa cikin fili suna rawa bayan sun fitar da Fotugal, ka ɗora, ka bi da hadisan darajar uwa har waya ta yi zafi. Bayan 'yan watanni aka baza jita-jitar wai Hakimi ya rubuta dukiyarsa kaf da sunan uwarsa don kada matarsa ta sami ko dala wajen rabuwa. Babu takardar da aka nuna, babu kotun da ta faɗa, amma kai da 'yan fadarka kuka naɗa shi gwarzon shekara. Ashe ɗan mama jarumi ne muddin matarsa zai ƙuntata wa. Sai in uwar bazawara ce ta unguwarku mai tallan awara, nan ne ɗanta ke zama sangartacce.

Na lura da lissafin naku. Uwarka waliyyiya ce, uwar wani ita ce ta ɓata zamani. Matarka kuwa, duk da ita ce uwar 'ya'yanka, tana cikin kashi na biyu, kuma can za ta zauna har ranar da ɗanka zai sayi tasa wayar ya ɗora hotonta da addu'a, ya mayar da ita kashi na farko, ya sa tasa matar a gurbinta.

Tun da kana son wa'azi, zo mu shiga zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda malaman zaure daga Tasawa har Mayahi ke biya wa ɗalibai, ta yi maganar wanda ya cancanci riƙon yaro in aure ya mutu. Ɗa namiji yana hannun uwarsa har ya balaga, 'ya mace har ta tare gidan miji. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, sai kaka, sai 'yar'uwar uwa. Abin da aka ɗora wa uba shi ne ci da sha da sutura. Malaman Malikiyya ba su ji tsoron yaro zai lalace a hannun mace ba, su da suka san Larabcin da kake kwafowa ba ka iya karantawa. Al'adarmu ce ta zo ta ce a karɓe shi da an yaye shi, ko in an yi adalci ya kai bakwai, kuma da yake Nijar har yau ba ta da kundin dokar iyali, al'adar ce ke aiki a fadar sarki da gaban alƙali. To a karɓe shi a kai wa wa? A kai wa kishiyar uwa, ko kaka, ko gwaggo. Daga hannun mace zuwa hannun mace aka yi, an dai cire wadda ta fi kowa ciwonsa.

Shi kansa Imamu Malik, uwarsa ce ta sa masa tufafin ɗalibai ta naɗa masa rawani ta tura shi wurin Rabi'a, ta ja masa kunne ya fara ɗaukar ladabin malamin kafin iliminsa. Imamu Shafi'i maraya ne, an haife shi a Gaza, uwarsa ta ɗauko shi yana ɗan shekara biyu ta kai shi Makka, cikin talaucin da har a kan ƙasusuwa yake rubutu don babu kuɗin takarda. Imamu Buhari, ba na rufe iyaka ba, na Sahihi, ubansa ya rasu yana ƙarami, uwarsa ta raine shi, da ita ya je hajji yana ɗan sha shida. Hadisan da kake turo mana da asuba goyon mace ne ya tattara su. In Allah ya kai ka Makka kuma, duk da ban ga alama ba, za ka yi safa da marwa kana haki, sawun Nana Hajara kake bi, uwa ita kaɗai da ɗa namiji a kwarin da babu shuka.

Akwai kuma yaran da aka ce a raba su da uwa tun da wuri don su yi ƙwari. Uba ne ke yanke wannan shawara, ya damƙa ɗan shekara bakwai ga malam da allo da robar bara, a yi Kano ko Zariya ko gabas da shi. Wasu sun dawo da Alƙur'ani a ka, Allah ya ƙara musu. Amma tambayi duk wanda ya yi almajiranci wa ya rufa masa asiri a birni, zai ce maka uwar ɗakinsa, matar da yake yi wa aike da wanke-wanke tana ajiye masa tuwo, ta ba shi sabulu, ta kai shi likita in ya kwanta. Ko ina kuka jefa yaron nan, hannun mace yake faɗawa.

Ka ce a ba namiji yaro ya raina a ga aiki. Ba sai mun je nesa ba, amsar tana kwance a garinmu, muna yara mun sha wucewa ta gefenta. Kyaftin Bule da kyaftin Shanuwan, waɗanda Faransawa ke rubutawa Voulet da Chanoine, sun taso daga bakin kogin Isa a farkon 1899 za su tafkin Cadi, suna tafe suna ƙone garuruwa, suna rataye mutane, suna kwashe mata da dabbobi. A watan Afrilu suka afka wa Lugu, inda Sarauniya Mangu ta ƙi miƙa wuya ta yi musu ɓarnar da ba su zata ba. A watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Labari ya kai Faris, aka turo Kanal Klobb ya karɓe rundunar. Ya bi sawunsu ta kan toka da gawawwaki, ya cim ma Bule a Dankori ranar 14 ga Yuli, Bule ya sa aka buɗe masa wuta ya faɗi. Daga nan ya tara sojojinsa ya ce shi ya bar Faransa, daular kansa zai kafa. Sojojin baƙar fata da suka gaji da shi suka juya bindiga, suka kashe Shanuwan ranar 16, suka kashe Bule ranar 17, aka binne su nan Maijirgi.

To wa ya haifi Shanuwan? Janar Jules Chanoine, wanda ya riƙe muƙamin ministan yaƙi na Faransa a 1898. Gidan soja, uba janar, horon bariki, babu kunu da ludayi, babu sai na tambayi Mama. Bule kuma ɗan likita ne. Shekara ɗari da ashirin da wani abu mutanen ƙasar nan suna ba da labarin ta'asarsu, ban taɓa jin wanda ya ce goyon namiji ke nan ba. Ni ma ba zan ce ba, don ba a auna iyaye maza duka da ɗan janar guda. Amma da a ce wata bazawara mai suyar ƙosai ce ta raini Shanuwan, na rantse da tuni mai kaurin murya ya yi saƙo na minti goma a kanta, kai kuma ka turo mana.

Kada ka ce na wanke mata tas don ina ɗan mace. Akwai uwar da ɗanta zai sato ta ɓoye, a zo ƙara ta tare ƙofa. Akwai uwar mijin da ke ƙirga tsokar miyar surukarta, ta hana ɗanta sayen ko ɗan kunne sai da izininta. Mun san su, wasu ma danginmu ne, kada ka sa in faɗi suna. Sai dai kafin ka yi dariya ka tambayi me ya kai ta. Wasu masu bincike biyu, Marthe Diarra da Marie Monimart, sun bi ƙauyukan jahar Maraɗi suka wallafa a 2006 cewa in ƙasar noma ta yi ƙaranci, gamanar mace ce farkon abin da ake karɓewa. Mace da aka raba da gona, ake iya sakinta a kan gishirin miya, ake yi mata kishiya ta ji a bakin maroƙa, ba ta da fansho a duniyar nan sai ɗanta. In ta riƙe shi da hannu biyu har bayan ya yi aure, ba hauka take yi ba, tsufanta take tanada. Surukar da take takura wa kuma tana kallo tana haddacewa, ga nata ɗan a baya.

Sangarcin ma da kuke faɗa, wa ya kafa dokarsa? Wa ya ce namiji ba ya shiga madafa? Wa ke cewa a bar shi ya ci ya tashi, ƙanwarsa ta ɗauke kwano? Ranar da Innarka ta sa ka tuƙa tuwo don yayyenka sun yi aure ita kuma zazzaɓi ya kayar da ita, Kawu da ya dawo ya ji, faɗa ya yi wai za a mayar masa da ɗa ɗan daudu. In uwa ta sa yaro aiki ku ce ta mayar da shi mace, in ta bar shi ku ce ta shagwaɓa shi. Yau a Tamanrasat ku takwas a ɗaki ɗaya, an gaya mini kai ne mai dafa shinkafa da wake don naka ba ya caɓewa, har ana rage maka kuɗin haya saboda haka. Wa ya koya maka? Janar Chanoine?

Kuma kada ka ɗauka ku kuka ƙago abin. A Amurka TikTok cike yake da masu kwaikwayon uwayen da ke kishi da budurwar ɗansu, mutanen Italiya kuwa tun kafin a san intanet suke yi wa gardawan da suka ƙi barin gidan uwa dariya. Ko ina dai bidiyon uwa ake yi, don ita ce a gida, ita ake gani, ita ke da zane da kallabin da za a ara. Uban da ba ya nan ba ya ɗaukuwa a kyamara. Mai bidiyon ma ba tarbiyya ce ta dame shi ba, masu kallo yake nema, ya kuma gane babu abin da ke tara jama'a irin a haɗa maza da mata faɗa. Shi ya tara mabiya ya sami talla, kai ka ƙone megarka.

A 2005, shekarar da yunwar da fara da fari suka haifar ta cika cibiyoyin tamowa na Maraɗi, duk wanda ya ga layukan nan ya san waɗanda suka tako da ƙafa daga ƙauyuka da yara a baya. Ba a ga rawani a layin ba. Har sai da hukumar UNFPA da gwamnati suka ƙago makarantar mazaje, aka fara a jahar Damagaram ta bazu har wajenmu, ana tara magidanta a gindin bishiya ana koya musu su bar matansu su je awo, su san ranar rigakafin 'ya'yansu. Ban ji an buɗe wadda za a koya wa uwaye su zauna da 'ya'yansu ba. In ka dawo zan kai sunanka, na ji ba a biyan ko dala, kuma ba a korar wanda ya gudo daga aji uku.

Saura magana ɗaya. Wanzami ya ce da an gama girbi sanyi ya sauka zai yi wa yaran unguwa kaciya, autanka na ciki. Wannan dai aikin maza ne, uwarsa ba za ta shiga ba, wani zai riƙe shi a kan turmi, wani zai sayi kajin da za a gasa masa. Ka nemi kuɗin mota tun yanzu. In ka zo, shi ke nan, na yafe maka bidiyon. In ba ka zo ba ni zan riƙe shi, kuɗin kaji kuma bashi ne a kanka.

Kuma ka sani, ranar da na je gaida Inna na kunna waya na ce ta ba ni labarin taka kaciyar. Ta ba ni tiryan-tiryan: yadda ka hango wanzami da zabirarsa ka tsallake danga, yadda aka neme ka gari duka har bakin rijiya, yadda aka same ka cikin rumbunta ka rufe kanka da buhu, da irin sunan da kake kira da aka ɗauko ka, wanda ba na Kawu ba ne. Tana faɗa tana dariya har da tari. Muryar ta fito fes. In sanyi ya wuce ban gan ka a Maijirgi ba, zauren WhatsApp na 'yan gari mazauna waje zan sa ta, da asuba, kafin ka ɗora wa'azinka.